Finafinan Sikotilan a kan waƙa da ƙasa: wanne zan kalla, me zan ɗauka in yi aiki da shi a Kaduna?

'Yar Unguwar Rimi:

Assalamu alaikum malamai da yayyena. Shawara nake nema. Muna shirin dokumentari na minti 25 a kan rubutacciyar waƙar Hausa da wuraren da ta fito, daga Zariya zuwa nan cikin Kaduna. Kyamara ɗaya ce, mu uku ne, kwanakin ɗauka goma, kuɗin kuma ba yawa. An ba ni shawarar in kalli yadda mutanen Sikotilan suke yin fim a kan mawaƙansu, wai sun iya haɗa waƙa da ƙasa. Na leƙa, amma yawancin abin da na ci karo da shi tsaunuka ne da tabki da hazo, ana busa algaitarsu mai jaka, wata murya tana karanta waƙa a sama. Yana da kyau a ido, sai dai ban ga abin koyi a ciki ba.

Waɗanne finafinai ne na gaske da ya kamata in nema? Sannan idan ana rera waƙa, me ake nuna wa mai kallo? In mawaƙi ya ce kogi, kogin zan nuna? Ina kuma son a taimaka mini da batun sauti, don shi ne nake tsoro. Allah ya saka da alheri.

Malamin Adabi, Kawo:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Abin da kika gani tallan yawon buɗe ido ne, kuma su kansu 'yan ƙasar sun daɗe suna kuka da shi. Ajiye shi gefe.

Ki fara da Hallaig, fim ɗin da Timothy Neat ya yi a 1984 a kan Sorley MacLean. An haifi MacLean a 1911 a Raasay, wani siririn tsibiri tsakanin Skye da babbar ƙasa, ya rasu a 1996. Da Galik yake waƙa, harshen da a ƙidayar 2011 masu magana da shi ba su kai 60,000 ba. Hallaig kuwa sunan ƙauye ne a tsibirin, ko in ce kufai, don kalmarmu ta fi dacewa da wurin. Tsakanin 1852 da 1854 mai tsibirin, George Rainy, wanda dukiyarsa ta fito daga gonakin raken da bayi suke nomawa a Demerara, a ƙasar Guyana ta yau, ya tashi mutanen ƙauyukan don ya zuba tumaki, aka loda da dama daga cikinsu a jirgin ruwa zuwa Ostareliya. Waƙar da MacLean ya fitar a 1954 a wannan kufai take tsaye. Mawaƙin yana duban itatuwan da suka tsiro a wurin sai ya ga 'yan mata da samarin garin, yana kiran zuri'o'insu da suna.

To nan ne sirrin yake. Baƙo zai ga koren tudu shiru ya ce masha Allah. Ɗan ƙasa yana ganin tudun ya san gidan wa aka rushe a nan, wa aka fitar ta wace gaɓa. Aikin fim ɗin shi ne ya sa baƙo ya fara gani da idon ɗan ƙasa, kuma muryar mawaƙin ce take yin wannan aiki. Ki saurari yadda MacLean yake karatu: yana jan wasali, yana saukar da murya a hankali, kusa da rerawa. Ko ba ki jin Galik za ki ji nauyin abin. Mu da waƙarmu dama rerawa ake yi, wannan ya fi kusa da mu fiye da karatun waƙar Ingilishi da aka koya mana a makaranta.

Daga nan sai Margaret Tait, wadda a ganina ita ce malamarki ta gaskiya, domin da ƙaramin kayan aiki ta yi komai. 'Yar tsibiran Orkney ce, an haife ta a 1918, ta rasu a 1999, likita ce da ta je birnin Rum na Italiya ta koyi fim, kuma yawancin finafinanta da kuɗin aljihunta ta yi su. A 1964 ta yi gajeren fim, bai kai minti goma ba, a kan Hugh MacDiarmid, babban mawaƙin harshen Sikots. Ba ta zaunar da shi a kujera ta yi masa tambayoyi ba. Ta nuna littattafansa da tarkacen ɗakinsa, ta nuna shi dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya yana taka bakin titi a Edinbura kamar yaro mai gwada tafiya a kan igiya, muryarsa kuma tana karanta waƙa a gefe. Hoton bai fassara baitin ba ko sau ɗaya, amma kina gama kallo kin san halin mutumin. Akwai kuma Orquil Burn na 1955, inda ta bi wani rafi tun daga inda ya faɗa teku har mafarinsa, da Land Makar na 1981 a kan wata manomiya maƙwabciyarta. Makar a Sikots yana nufin mawaƙi, wato ta ɗauki aikin gonar matar a matsayin waƙa.

Ki lura da dalilin salon nata. Kyamarar Bolex ta milimita 16 take amfani da ita, wadda ake murɗa wa zare kamar agogo. Murɗi ɗaya bai wuce daƙiƙa 30 ba, nadin fim mai ƙafa 100 kuma minti biyu ne da daƙiƙa 45, sannan kyamarar ba ta ɗaukar sauti. Dole ta yi tunani kafin ta danna, dole ta naɗi murya daban ta haɗa daga baya. Wannan takurawa ce ta raba hoto da kalma, kowanne ya tsaya da ƙafarsa. Ke da kike da kati mai cin sa'o'i, sai kin ɗora wa kanki wannan horo da gangan.

Na uku Night Mail na 1936, a kan jirgin ƙasan da ke kai wasiƙu daga Landan zuwa Sikotilan cikin dare. Sashen fim na gidan wayar Birtaniya ne ya yi shi a ƙarƙashin John Grierson, ɗan Sikotilan ɗin da ake danganta wa kalmar dokumentari tun 1926. Waƙar da ke ƙarshensa W. H. Auden ne ya rubuta, shi kuma Ba'ingile ne, kuma an yanka waƙar ne ta dace da hoto da gudun jirgi, har da agogon auna daƙiƙa. Ki kalle shi don ki ga yadda kari yake hawa kan motsi, amma naki aikin akasin haka ne: waƙarki ta riga fim, don haka hoto ne zai bi ta. (Magajin wannan sashe ne ya zo Nijeriya ya yi Daybreak in Udi a 1949, wanda ya ci Oscar. Tunanin nan na yi wa talaka fim don a koya masa abu, shi ne muka sani a majigi, kuma har yau yana bin dokumentarinmu: murya daga sama tana yi mana bayanin kanmu.)

Yawancin waɗannan suna ma'ajiyar finafinai ta Laburaren Ƙasa na Sikotilan da ke Kelvin Hall a Gilasgo, wasu ana iya kallonsu ta intanet. In kin samu, ki kalla da takarda mai gida uku: lokaci, abin da ake gani, abin da ake ji. Ki ƙirga sau nawa hoto ya maimaita abin da baki ya faɗa. A wurin Tait za ki ga kusan babu.

Amsar tambayarki ta kogi ke nan. In baiti ya ce kogi kika nuna kogi, kin mai da mai kallo ɗan aji ɗaya. Ki nuna kogin kafin baitin ya zo, da sautinsa na gaske, ki bar shi ya zauna a ido. In baitin ya iso, ki kasance a fuskar mai rerawa ko a hannunsa. Mai kallo da kansa zai haɗa, kuma abin da mutum ya haɗa da kansa ba ya mantawa. Ki tuna Aliyu Namangi na Zariya makaho ne. Zariyar da ke cikin waƙarsa da kunne da tafin ƙafa ya san ta, to me zai sa a rufe Imfiraji da hoton Dutsen Kufena daga sama?

Mai Sauti, Tudun Wada:

Allah ya gafarta Malam, ka gama da wancan ɓangaren. Hajiya, bari in shiga batun sauti, don a fim ɗin waƙa mai kallo zai yafe hoto mai rawa amma ba zai yafe muryar da ba ya ji ba.

Kowace waƙa ki naɗe ta sau biyu. Na farko a ɗaki, sauti kaɗai, ba kyamara. Ki nemi ɗaki mai katifa da labule da darduma, ɗakin ƙasa ma ya fi, ki guji falo mai tayil da silin roba don murya tana dukan bango ta dawo, kuma wannan amon ba ya fita a wurin tacewa. A kashe fanka da firij, a roƙi maƙwabta su kashe janareto na rabin sa'a. Makirufo ya tsaya kamar taƙi ɗaya daga baki, santimita 20 zuwa 25, a ɗan karkace gefe. Dalilin karkacewar shi ne haruffanmu: ƙ da ts da f da b suna harba iska kai tsaye, in makirufo yana saitin baki sai ki ji bum-bum a kowane ɗango. Ki sa na'urar a 48 kHz da 24 bit, WAV, kada ki yarda da MP3. Mai rerawa ya fara gwada baitin da ya fi ɗaga murya a kai, ki daidaita har allurar ta tsaya a -12 dB. Masu rera waƙa suna farawa a hankali, in sun yi zafi wajen baiti na biyar sai su ɗaga, in kin daidaita a kan farkon to tsakiyar za ta fashe.

Na biyu a wurin da waƙar ta shafa, da kyamara, da ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga. Babbar riga mai sitati da shadda suna ƙara in mutum ya motsa, don haka ki manna wayar da filasta a ciki ki yi mata ɗan lanƙwasa, kan makirufon kuma kada ya taɓa yadi. A waje dole ki sa masa gashin nan mai tare iska, soso kaɗai ba ya tare iskar hunturu. Wani cikinku ya sa hedifon daga farko har ƙarshe, ba shi da wani aiki sai saurare. Kafin kowace ɗauka a tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara, shi ne alamar haɗa sauti da hoto.

Kada ki ce za ki ɗora naɗin ɗaki a kan leɓen da aka ɗauka a waje. Ba mai rera baiti sau biyu da tsawo ɗaya, leɓe zai saɓa. Naɗin ɗaki na wuraren da ba a ganin baki ne.

Sai abin da mutane suke mantawa: sautin wurin shi kaɗai. A duk inda kuka ɗauki hoto, kowa ya yi shiru na minti biyu cur a naɗi wurin. Bakin Kogin Kaduna da asuba yana da nasa sauti, zauren Zariya yana da nasa, tashar jirgin ƙasa tana da nata. Da wannan ake cike tsakanin baiti da baiti. In babu shi sai mai tacewa ya ga rami ya toshe da kiɗan kibod, waƙa mai karinta ta koma kokawa da wani kari. Rubutacciyar waƙa tana da kiɗanta a cikin ma'auninta da amsa-amonta, ba ta bukatar ganga a ƙarƙashi. In kuwa lallai za a sa kiɗa, a sa shi inda ba a rerawa.

Lokaci a cikin gari: daga idar da sallar asuba zuwa bakwai saura, kafin Keke Napep da 'yan makaranta su fito. Ki riƙe jadawalin salla a hannu don kada kiran salla ya shigo tsakiyar baiti, ba a yanke shi kuma ba a rera waƙa a kansa. Ranar Lahadi da safe a Barnawa ko Sabon Tasha lasifikar coci za ta shigo, ranar Juma'a daga sha biyu zuwa uku kuma ki manta da ɗauka a Tudun Wada.

Wani abu da ya kamata ki nema a nasu: waƙoƙin matan tsibiran yamma na bugun ulu. Suna zama kewaye da dogon tebur suna dukan jiƙaƙƙen yadi tare, ɗaya tana bayarwa sauran suna amshi. Duk wanda ya san waƙar daɓe ko ta daka zai gane ta nan take. Makarantar Nazarin Sikotilan ta Jami'ar Edinbura, wadda aka kafa a 1951, ta tura mutane ƙauye-ƙauye da na'ura suna naɗar irin waɗannan, cikinsu har da Calum, ƙanen shi Sorley MacLean, da Hamish Henderson. Shi ya sa mai yin fim a can yau yake samun muryar kakarsa a ajiye. Naki naɗin ma ki rubuta masa sunan mai rerawa da wuri da kwanan wata, ki ajiye cikakkiyar waƙar ko da baiti uku za ki sa a fim.

Ɗan Kakuri:

Ni akwai inda nake so a yi hattara, Malam ka yi mini afuwa. Muna jin labarin Galik sai zuciya ta ce ai mu ne, Turanci ya danne mu kamar yadda ya danne su. A Kaduna lissafin bai tsaya haka ba. Hausa tana da miliyoyin masu magana, tana da rediyo da finafinai da jarida. Harsunan da suke cikin halin Galik a jihar nan su ne irin su Gbagyi da Adara da Ham da Tyap da Jju, waɗanda a gidaje da yawa yara suna ji amma da Hausa suke amsawa. Garin nan ma da aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917, a ƙasar Gbagyi aka kafa shi. In fim zai ce ga waƙar Kaduna ga ƙasar Kaduna, ya nuna kogi da duwatsu kamar ba su da wani suna sai na Hausa, to ya yi abin da 'yan Galik suke kuka an yi musu. Ba ina cewa ki canza batunki ba ne, ƙanwata. Waƙar Hausa kike yi, ki yi ta. Amma duk inda kika kafa kyamara ki tambayi dattijon wurin sunan dutsen nan ko rafin nan da harshensa, ki naɗi amsar, ko sau biyu ne a fim ɗin a ji ta. Su a can harshe uku suke da shi, Galik da Sikots da Ingilishi, kuma finafinansu masu kyau ba sa ɓoye cewa ukun ba su zauna daidai ba.

Na biyu, kada a ɗauka Sikotilan duk tsauni ce. Yawancin mutanenta a tsakiyar ƙasa suke, tsakanin Gilasgo da Edinbura, 'ya'yan masu haƙar kwal da masu ƙera jirgin ruwa. Fim ɗin Seawards the Great Ships, wanda ya ci Oscar a farkon shekarun 1960, a kan masu ƙera jirage a Kogin Clyde yake, kuma bayan 'yan shekaru yawancin wuraren suka rufe. Edwin Morgan, wanda aka fara naɗawa mawaƙin ƙasa a 2004, titunan Gilasgo ya yi wa waƙa. Jackie Kay da ta riƙe muƙamin daga 2016 zuwa 2021, a Edinbura aka haife ta, mahaifinta ɗan Nijeriya ne, Ibo. Wato su ma tambayar wane ne ɗan ƙasa ba ta ƙare ba, kuma mawaƙa ne suke ta juya ta.

Hoton siket mai gida-gida da algaita da kika gani yana da tarihi. A 1822 marubuci Walter Scott ya shirya wa Sarki George na huɗu ziyara a Edinbura, aka sa manya suka yi shigar mutanen tsauni, alhali a daidai wannan zamani ana korar ainihin mutanen tsaunin daga gonakinsu. Kayan suka zama tutar ƙasa, masu kayan suna cikin jirgin ruwa. Namu kwatankwacin shi ne doki da rawani da algaita. An yi wa Sarauniyar Ingila hawan daba a nan Kaduna a 1956, an sake yi a bikin FESTAC na 1977, tun daga nan duk wanda zai nuna Arewa sai ya buɗe da jahi. Ba laifi ba ne, namu ne, amma in kin buɗe da shi mai kallo ya riga ya san fim ɗin, ya daina saurare.

In kufai kike nema irin na Hallaig, ba sai kin yi nisa ba. Masaƙar KTL (Kaduna Textiles Limited) ta buɗe a 1957, ta rufe a 2002, sauran na Kakuri suka bi baya. Ki tsaya a ƙofar ɗaya daga cikinsu da ƙarfe shida na safe, lokacin da a da ake canjin aiki, keke da ƙafa sun cika titi. Ki samu tsohon ma'aikaci ya kira miki sassan masaƙar ɗaya bayan ɗaya, da sunayen waɗanda suka yi aiki tare, yana nuna tagogin da ciyawa ta cinye. Sannan ki ɗora baitin Sa'adu Zungur ko na Aƙilu Aliyu da ya yi magana a kan makomar Arewa. Wannan zai yi nauyin da hoton faɗuwar rana a bayan kuka ba zai taɓa yi ba.

'Yar Unguwar Rimi:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Yaya na Kakuri, maganarka ta sa na sake duba tsarin gaba ɗaya. Saura abu biyu. Hasken nan mai laushi da ke cikin finafinansu, da wace dabara ake samunsa? Sannan muna so a sa fassarar Turanci a ƙasan allo, ya ake yi da baiti don kada ya lalace? Mun so mu fara ɗauka a Janairu.

Mai Kyamara, Malali:

Hajiya, hasken ba dabarar kyamara ba ce, wurin zaman ƙasar ne. Orkney tana kan digiri 59 arewa da tsakiyar duniya, Kaduna tana kan 10 da rabi. A Orkney ko a tsakiyar bazararsu rana ba ta wuce digiri 55 a sama, a tsakiyar sanyi kuwa ba ta kai 8 ba. A nan ko a Disamba ranar tsaka tana kan 56. Wato mafi tsayin ranarsu bai kai mafi ƙanƙantar tamu ba. Su kusan kullum haske daga gefe yake zuwa musu, yana fito da ƙirar tudu da fuska. Mu daga goma na safe zuwa uku daga ka yake sauka, ido ya zama rami, hula ta rufe goshi da inuwa, ƙasa ta baje ba tudu ba kwari. Lokacinki na waje daga fitowar rana zuwa takwas ne, sai daga biyar saura kwata zuwa magariba. Sa'a uku ke nan a yini. Tsakar rana ki shiga zaure, ki zaunar da mai magana kusa da ƙofa hasken ya zo masa ta gefe, da farin kwali a ɗaya gefen yana mayar da kaɗan. Baƙar fata a cikin farar riga, ki auna haske a kan fuska, ki bar rigar ta ɗan yi fari. In da hali ki roƙi a sa riga mai launin ƙasa ko shuɗi.

Janairu kuwa ki sake tunani. Hazo yana shanye nesa, sama ta zama fara fat, Kufena daga Samaru sai inuwa. In kufai da tsufa kike son nunawa, hazon zai yi miki aiki, amma fim ɗin duka a cikinsa zai gajiyar da ido. Ki raba kwanakin: shida a ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, lokacin ƙasa kore ce, kogi a cike, sama da gajimare, ruwa kuma ya fara ja baya, huɗu a hunturu. Wuri guda a yanayi biyu, daga inda kika kafa ƙafar kyamara ta farko, yana nuna wucewar zamani ba tare da kowa ya faɗa ba. Ki yi wa wurin alama da fenti a dutse, ki rubuta tsayin kyamara da lambar lens. A hunturu kada ki canza lens a fili, ki shiga mota ki rufe gilashi.

Ki ɗauka a firem 25 a daƙiƙa, shata 1/50, saboda wutarmu 50 Hz ce, in ba haka ba fitila za ta riƙa ƙyaftawa. Da rana sai da filta ND, gilashin nan mai rage haske. Kowane hoton ƙasa ki bar shi aƙalla daƙiƙa 30 a kan ƙafa ba motsi, ko da takwas za ki yi amfani da su, don ba ki san tsawon baitin da zai hau kansa ba. In 4K ne a 100 Mbps, sa'a guda tana cin kusan 45 GB, sa'a 15 kusan 700 GB, don haka rumbu biyu masu 1 TB, kowane dare a kwafa a duka biyun, kada su kwana a jaka ɗaya. Jirgin ɗaukar hoto daga sama ki bar shi. Yana bukatar izinin hukuma, garin nan kuma cike yake da wuraren soja, sannan kallon ƙasa daga sama kallon mai mallaka ne, waƙa kuwa daga tsayin mutum take kallo. Fita wajen gari, ko Kajuru ko Turunku, sai da sanin mai unguwa da ɗan gari a cikin mota, ku dawo da rana.

Fassara: ɗango ɗaya, rubutu ɗaya a allo. Kada a haɗa ɗango biyu don a rage aiki, kada rubutu ya riga baki, musamman kalmar amsa-amo ta ƙarshen baiti, wadda mai sauraro yake jira. Layi kada ya wuce harafi 42, layi biyu iyaka, kada ya ɓace kafin daƙiƙa ɗaya da rabi. Mai fassara ya bi ma'ana, kada ya tilasta wa Turanci amsa-amo, don kunne yana jin na asali. MacLean da kansa ya fassara nasa zuwa Ingilishi a sauƙaƙe haka, ya bar kiɗan a Galik. Ki yi kwafi na biyu da rubutun Hausa ma, saboda tsofaffin kalmomi da na Larabci da matasa ba sa kamawa a kunne. Fayil ɗin a ajiye shi a UTF-8, da font mai ƙ da ɗ da ɓ kamar Noto Sans ko Andika, ki gwada a waya kafin ki saki, don a nan ne ƙugiyoyi suke komawa akwati.

A minti 25, waƙa kada ta wuce minti tara jimilla, gutsure huɗu ko biyar, ɗaya kuma ki bar shi ya yi tsawo, baiti shida ko bakwai a jere ba mai katsewa. Ki auna kowane baiti da agogo daga naɗin ɗaki kafin ki fita ɗaukar hoto.

Malamin Adabi, Kawo:

Na karɓi gyaran Ɗan Kakuri, gaskiya ya faɗa. Abu ɗaya ya rage, ƙanwata: izini. A dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, rubutu yana hannun magada har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da marubuci ya rasu. Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja sun rasu a 1958, nasu sai bayan 2028. Namangi ya rasu a 1990, Aƙilu Aliyu a 1999, su da sauran tafiya. Ki nemi iyalan da kamfanin da ya buga littafin, ki karɓi yarda a rubuce, mai rerawa ma ya sa hannu a tasa takardar. Haka in kina son sa gutsuren fim ɗin Tait ko muryar MacLean a naki, sai kin rubuta wa masu haƙƙin. Wasiƙun neman tsofaffin hotuna da faya-fayai, na Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da Rediyon Kaduna, ki kai su tun yanzu, ki faɗi sunan mawaƙi da shekarun da kike nema da abin da za ki yi da su. Zuwa wurin iyalan kuwa ki fara zuwa gaisuwa ba kyamara, tare da wanda suka sani, ki tambaye su wa suke ganin ya fi iya rera waƙar yadda mai ita yake rerawa.